Motar Tsere Ta Hannu: Tsadar Tana Cikin Baƙin Mai

Tun daga shekarar 1986, lokacin da shirin tsuke bakin aljihu ya karya darajar Naira, sabuwar Peugeot ta kamfanin PAN na Kaduna ta fi ƙarfin yawancin 'yan kasuwa, aka koma ga motocin Beljiyam. A cikinsu akwai motocin tsere irin su BMW da Audi da Mazda, waɗanda matasan attajiran Jos ke sha'awa. Farashinsu kan yi sauƙi, amma sau da yawa sauƙin yana ɓoye injin da ke shanye baƙin mai.

Ba kowane shan mai ne lalacewa ba. Injin da ke juyawa da ƙarfi yana ƙona ɗan mai a bisa ƙirarsa. Wasu kamfanonin Jamus suna ɗaukar rabin lita, wani lokaci har lita guda, a tafiyar kilomita 1,000 a matsayin abin da bai wuce ƙa'ida ba, wato kusan nisan Jos zuwa Legas. Injin Mazda RX-8 kuwa an ƙera shi ne yana fesa mai a ɗakin wuta da gangan. Abin da ya wuce wannan iyaka shi ne ciwo: ko ringin fistin ya cinye, ko robobin bawul sun bushe, ko tarbo na yoyo.

A nan ne ake cutar mai saye. Wasu dillalai kan zuba mai mai kauri domin hayaƙi ya ɓuya har a biya kuɗi. A gari irin Jos, mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, wannan dabara ta fi muni, domin a safiyar hunturu mai mai kauri yana jinkirin kaiwa saman inji, ƙarfe ya yi ta gogar ƙarfe. Jar fitilar mai kuma ba abar dogaro ba ce; ƙarfin turin mai take nunawa, ba yawansa ba, kuma kafin ta kama, ɓarna ta riga ta fara. Sabbin motoci da dama ma ba su da gejin da za a zaro a duba.

Sai dai Filato tana da ma'aunin da ba ya karɓar cin hanci. Duk wanda zai sayi irin wannan mota, ya cika ta da irin man da littafinta ya ambata, ya gangara Hawan Kibo da giya ba tare da taka totur ba, sannan ya taka a ƙasa. Idan shuɗin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, injin yana zuƙar mai. Makanikan Farin Gada da Dilimi sun san wannan gwaji.

Ya kamata ƙungiyoyin dillalan motoci na Jos su mayar da irin wannan gwaji sharaɗin ciniki, a rubuta a takardar saye, tare da wa'adin mako guda na mayar da mota. Dillalin kirki ba zai yi asara ba. Hukumar SON, wadda ke farautar jabun mai, ita ma tana da aiki a bakin titi, inda ake sayar da tsohon mai da aka tace a cikin galan mai tambarin kamfani.