Filin Ɗalibai: Ka Faɗi Abin Da Ke Tafe Da Kai Tun Farko

A wannan wata za mu taɓo wata matsala da ke kayar da 'ya'yanmu na zango a jarrabawar Turanci ta WASSCE, wato rashin sanin yadda ake kafa jigon magana a farkon insha'i. Tun da gwamnati ta mayar da karatun babbar sakandare kyauta a shekarar 2017 yaranmu suka ƙaru a makarantu, amma duk wanda bai sami aƙalla C6 a Turanci ba, ƙofar jami'a ta Legon ko ta Kumasi ba za ta buɗe masa ba.

Sanin kowa ne mu Hausawa ba mu faɗa wa magana kai tsaye. In ka je wurin babba a Nima ko Aboabo, sai ka gaishe shi, ka tambayi gajiya da iyali da kasuwa, kana ka ce, "To, abin da ke tafe da ni shi ne kaza." Wannan ladabi ne, ba mu ce a bar shi ba. Sai dai a ɗakin jarrabawa kalmomi 450 ake nema cikin minti 50, kuma daga cikin maki 50 na insha'i, 10 na tsarin rubutu ne, 10 na abin da ya ƙunsa. Mai duba takarda yana son ya ga jimla guda a sakin layi na farko wadda za ta nuna masa inda ɗalibi ya tsaya da dalilinsa. Juma'ar da za ta yi kyau, ai tun daga Laraba ake gane ta.

A misali, a ce an tambaya, tsakanin makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo wacce ta fi? Wani zai fara da "In this essay I am going to talk about boarding schools." Wannan sanarwa ce kurum, bai ɗauki ɓangare ba. Wani kuwa zai ce kowacce tana da amfani da illa. Gaskiya ne, amma wa zai yi musu da shi? To, ga wadda ta tsaya da ƙafarta: "Makarantar kwana ta fi dacewa da yaron zango, domin tana ba shi wurin karatu da dare, tana raba shi da talla da aike, tana kuma tilasta masa yin Turanci kullum." Dalilai uku ke nan, kowanne zai ci sakin layi guda, ka ga insha'i ya tsaru tun ba a yi nisa ba.

Shawararmu ga ɗalibi ita ce, kafin ka ɗora alƙalami, ka faɗi matsayinka da Hausa a zuci, cikin numfashi ɗaya. Abin da ka kasa faɗa da harshen uwarka, manyan kalmomin ƙamus ba za su fitar da kai ba. Sa'an nan ka mayar da shi Turanci mai sauƙi, ka tabbata akwai "because" a ciki. Daga nan ka auna shi: shin wani zai iya cewa bai yarda ba? In zai iya, jigonka ya kafu.

Iyaye ma akwai nasu, ko da ba su jin Turanci. Bayan sallar isha'i a tambayi yaro, "Me kake so ka ce a rubutun nan, kuma don me?" In ya shiga kame-kame, a sa shi ya sake.

Aikin wannan wata: kowane ɗalibi ya rubuta jimla guda a kan ko ya dace a bar ɗalibai su riƙe wayar salula a makaranta, ya kai wa malaminsa ya duba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.