Guntun Gatarinka: Darasin Ani DiFranco Ga Mai Neman Tashe

Idan kana cikin masu ɗora waƙa, barkwanci ko gajeren bidiyo a TikTok da Instagram, ga tambayar da ya kamata ka yi wa kanka tun yau: abin nan da ka raba dare kana haɗawa, na wane ne? Kada ka yi saurin cewa naka ne don kawai fuskarka ce a ciki. Mai abu shi ne wanda zai iya sayar da shi, ya hana wani taɓa shi, ya kuma bar wa 'ya'yansa gado. Mawaƙa da yawa da muke gani suna tashe a duniya ba su da wannan ikon a kan muryarsu.

Shi ya sa wannan makon za mu leƙa Amurka, mu duba rayuwar wata mawaƙiya da wataƙila ba ka taɓa jin sunanta ba. Ani DiFranco ba ta taɓa yin waƙar da ta karaɗe gidajen rediyon duniya ba, amma sama da shekara talatin ke nan tana cin abinci da jitarta, kuma faya-fayanta a ƙarƙashin kamfaninta take fitar da su tun daga na farko.

An haife ta a 1970 a Buffalo, wani birni mai tsananin sanyi a jihar Niyok, daf da iyakar Kanada. Tun tana 'yar shekara 9 take bin malaminta na jita, Michael Meldrum, wuraren wasa tana rera waƙoƙin Beatles. Tana shekara 15 ta fara zaman kanta. Salonta ya fito ne daga tsohuwar al'adar mawaƙan talakawan Amurka, wato mutum ɗaya da jitar katako yana ba da labarin zamaninsa, sai ta zuba masa zafin kiɗan rok. Dukan jitar take yi kamar mai kaɗa ganga, har takan manna farcen roba a yatsunta ta ɗaure da salatif don kada su fita.

A 1990, tana da shekara 19 zuwa 20, ta fitar da kundinta na farko a kaset, ƙarƙashin wani ɗan kamfani nata da daga baya ya zama Righteous Babe Records. Kamfani ne a suna kawai a lokacin. Takan gama wasa a shagon shan shayi ko zauren wata jami'a, ta buɗe but ɗin mota ta sayar da kaset hannu da hannu. Ɗalibai suka riƙa kwafa suna tura wa ƙawayensu a wasu garuruwa, su kuma su gayyato ta. Haka ta riƙa yi shekara bayan shekara, kusan kowace shekara da sabon kundi: Not So Soft a 1991, Imperfectly a 1992, Puddle Dive a 1993, Out of Range a 1994, Not a Pretty Girl a 1995, Dilate a 1996.

Da manyan kamfanonin waƙa suka ga taron da take tarawa, sai suka fara zawarcinta. Ta ce a'a. Don ka gane nauyin wannan a'a, sai ka san yadda harkar take tafiya.

Kowace waƙa da ka ji tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin baituka da karin da marubuci ya ƙirƙira, akwai kuma haƙƙin ainihin naɗin da aka yi a situdiyo, wanda 'yan harka ke kira masta. A irin kwantiragin da aka saba, kamfani zai ba mawaƙi kuɗin kafin alƙalami, ya biya situdiyo da bidiyo da talla. Yaro ya ga alat mai nauyi, ya ɗauka kyauta ce. Bashi ne, malam. Daga ɗan kason da ke zuwa wa mawaƙin za a riƙa cirewa har a gama biya, kuma ko an gama, masta ta kamfani ce. Hausawa sun riga sun yi wa wannan tsari suna: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada ka ɗauka ƙananan mawaƙa kaɗai abin ke ci. A shekarun da Ani ke yawo da kaset a mota, Prince, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Amurka, yana rigima da kamfanin Warner har yana fitowa da kalmar bawa a rubuce a kumatunsa. Sai a 2014 ya karɓo mallakar waɗancan faya-fayan nasa. A 1999 ya sa murya a kundin Ani mai suna To the Teeth, ita ma ta kaɗa jita a nasa na wannan shekarar. Taylor Swift kuwa a 2019 ta wayi gari an sayar da kamfanin da ke riƙe da kundayenta shida na farko ga Scooter Braun. Sai da ta sake naɗar huɗu daga cikinsu tun daga tushe, sannan a Mayun 2025 ta sanar cewa ta saye na asalin. A nan Najeriya ma kun tuna rigimar Kiss Daniel da G-Worldwide da ta ɓarke a 2017, wadda ta kai shi ga sauya rubutun sunansa zuwa Kizz Daniel. Ka ji fa, har sunan da duniya ta san mutum da shi yana iya shiga cikin abin da ya sa wa hannu.

Ita Ani ba ta shiga wannan tarkon ba, kuma ba ta mutu da yunwa ba. Living in Clip na 1997, kundin da aka naɗa kai tsaye daga wasanninta, ya samu shaidar zinare a Amurka. Little Plastic Castle na 1998 ya kai lamba 22 a jadawalin Billboard, yana gogayya da kundayen da aka kashe wa miliyoyi a talla. A 2004 ta fitar da Educated Guess, wanda ita kaɗai ta naɗa a gida da tsohuwar na'urar tef, ita ce mai kiɗa, ita ce mai amshi. A wannan shekarar ta ci Grammy ɗaya tilo da take da ita, kuma abin dariya, a kan tsarin kwalin kundinta Evolve aka ba ta. Wanda ke da kamfaninsa har kwali shi ke zaɓa.

Wani zai ce to ai duk maganar kuɗi ce. Ita da kanta ta ƙi yarda da wannan fassarar. A 1997 mujallar mata ta Ms. ta yabe ta, amma yabon ya fi karkata ga irin ribar da take samu. Sai ta rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa tana nuna rashin jin daɗinta da aka mayar da ita 'yar kasuwa alhali ita mawaƙiya ce. Abin da ta tsare tun farko shi ne bakinta. Tana waƙa a kan yaƙi, hukuncin kisa, wariyar launin fata, cin zarafin mata da rayuwarta ta sirri. Akwai ra'ayoyinta da yawa da mai karatu a Kano ko Maraɗi ba zai amince da su ba, kuma babu wanda ya ce sai ya amince. Abin lura shi ne babu wani manaja a ofis da ya taɓa samun ikon ce mata ta cire baiti don kada masu talla su gudu.

Mallakar ta kuma ba ta damar ɗaga wasu. Ta ajiye ofishin kamfaninta a Buffalo maimakon ta kai shi inda manya suke. Ita da manajanta na wancan lokaci, Scot Fisher, suka ceto wani tsohon coci na ƙarni na 19 da ake shirin rushewa a garin, suka mayar da shi zauren wasanni da ake kira Babeville. Kamfanin ya fitar da ayyukan dattijon mawaƙin ma'aikata Utah Phillips da na Andrew Bird. A 2010 ya fitar da Hadestown, kundin Anaïs Mitchell, wanda daga baya ya zama wasan dandali da ya lashe kyaututtukan Tony guda 8 a 2019. A 2024 Ani ta hau dandalin Broadway ta taka rawar da ta fara rerawa a wancan kundin shekara 14 kafin nan.

To amma kada in yi maka daɗin baki. Wannan hanyar tana da tsada, kuma da jikinta ta biya. Shekaru ta yi tana kwana a hanya, daga wannan gari zuwa wancan, har a 2005 ciwon jijiyoyin hannu ya tilasta mata ajiye yawon wasa na watanni. Gidajen rediyon kasuwa ba su damu da ita ba. Zaman kai kuma ba ya nufin mutum ya yi komai shi kaɗai: tana da ma'aikata, tana da manaja, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 ta ƙulla yarjejeniya da masu rarraba faya-fayai don kayanta su shiga manyan shaguna. Bambancin shi ne hayar su ta yi, ba ta sayar musu da gonar ba. Haka kuma idan ka yi kuskure babu bayan wanda za ka ɓuya. A ƙarshen 2013 ta shirya taron koyar da rubuta waƙa a Nottoway, wani tsohon gandun bayi a jihar Louisiana. Masoyanta suka yi mata ca a intanet, ta soke taron, bayaninta na farko bai gamsar da su ba, sai da ta sake fitowa ta ba da haƙuri.

Gaskiya ne kuma akwai mawaƙan da babban kamfani ya kai su inda ba za su taɓa kai kansu ba. Ba haramun ba ne ka sa hannu a kwantiragi. Abin da nake ƙi shi ne ka sa hannu kana cikin zumuɗi, ba ka san me ka bayar ba, na shekara nawa, kuma yaushe zai dawo hannunka.

Na san abin da ke ranka: wannan ai labarin zamanin kaset ne, mu yanzu waya ce kamfaninmu. Lallai ɗora waƙa a Audiomack ko YouTube ya fi buga kaset sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai duba abu na biyu da Ani ta mallaka bayan masta, wato hanyar isa ga masoyanta. Tana tattara adireshinsu a wuraren wasa, kamfaninta yana da lambar waya ta kyauta da mutum zai kira ya yi odar kundi. Kai fa? Mabiyanka dubu hamsin ɗin nan, lambar mutum nawa kake da ita a cikinsu? Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya, duk wanda kasuwarsa ke can ya ji a jikinsa. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, aikin shekara 12 ya bi iska. A farkon 2024 kamfanin Universal ya janye waƙoƙinsa daga TikTok saboda saɓanin kuɗi, bidiyoyi suka koma bebaye na watanni, kuma ba a nemi shawarar mawaƙan ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Shafin da kake taƙama da shi ɗakin haya ne, mai gida yana iya sauya kwaɗo ranar da ya ga dama.

Saboda haka, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa mai shirin shiga situdiyo, ga abin yi tun kafin tashe ya zo. Ajiye ainihin fayilolin aikinka a wuri biyu, kada ka bar su a kwamfutar mai situdiyo kaɗai. Kafin a kunna makirfo ku rubuta wa ke da baituka, wa ke da kiɗa, wa ke da naɗin, ko da a takarda ɗaya ce da shaidu. Idan furodusan fim ya zo sayen waƙarka, tambaye shi a fili: sayarwa ce ta har abada, ko izini ne na sakawa a fim ɗaya? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta ce miƙa haƙƙi gaba ɗaya sai a rubuce, don haka takardar da ka sa wa hannu ita za ta yi magana ranar da zumunci ya ƙare. Kai wa lauya ya karanta maka ita, ko aƙalla wani da ya san doka kuma ba yaron mai kamfanin ba ne. Sannan ka nemi hanyar da za ka isa ga masoyanka ko da an rufe shafinka gobe, lambobin waya ne ko imel.

Ani DiFranco ta fitar da kundaye sama da 20 a kan wannan tsarin, ta rubuta tarihin rayuwarta a 2019, kuma har yanzu tana hawa dandali da kayan da ba sai ta nemi izinin kowa ba kafin ta taɓa su. Mawaƙa nawa ne suka fi ta tashe a 1996 da yau ba su da ko sisi a waƙoƙin da suka yi suna da su? Tashe yana da daɗi, babu mai musu. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kafin ka danna tura a bidiyonka na gaba, buɗe wayarka ka duba inda ainihin fayil ɗin yake, da kuma sunan wanda ke kan takardarsa.