I-mel Da Tafintocin Da Aka Manta Da Su

Duk ɗalibin da ya taɓa cike fom ɗin jami'a ya rubuta adireshinsa na i-mel ba tare da ya tsaya wani tunani ba: suna, alamar @, sai sunan gidan da akwatinsa yake. Mai Gmail ya aika wa mai Yahoo, mai Yahoo ya aika wa malaminsa mai adireshin jami'a, saƙo ya isa, ba wanda ya yi mamaki. To, ya kai mai karatu, ba haka aka tashi aka tarar da wannan sauƙi ba. An yi zamanin da aika wasiƙa daga wata hanyar sadarwar kwamfuta zuwa wata sai gwani. A ganina tarihin wannan zamani namu ne, mu ɗaliban harshe, ko da yake a sashen kimiyyar kwamfuta ake ba da shi, domin matsalar da aka yi ta fama da ita ta fassara ce.

A shekarar 1969 aka kafa ARPANET a Amurka da kuɗin ma'aikatar tsaro, kuma a kanta ne Ray Tomlinson ya fito da amfani da alamar @ a 1971 don raba sunan mutum da sunan kwamfutarsa. Sai dai ba kowa ke shiga ARPANET ba, galibi sai cibiyoyin da ke yi wa ma'aikatar bincike. Waɗanda aka bari a waje sai kowa ya gina tasa. Masu kwamfutocin Unix suka kama UUCP, wadda ta fito daga Bell Labs a ƙarshen shekarun 1970. A 1981 Jami'ar Birnin New York da Jami'ar Yale suka fara BITNET a kan manyan injinan IBM. A 1984 jami'o'in Birtaniya suka sami JANET, kuma a wannan shekara Tom Jennings ya ƙirƙiro FidoNet don masu ƙananan kwamfutoci a gida. Ga kuma na 'yan kasuwa irin su CompuServe da MCI Mail, waɗanda sai ka biya.

Kowace daga cikinsu da irin nahawunta na adireshi, kuma nan ne daɗin maganar yake ga mai nazarin harshe. A UUCP ba ka faɗin inda mutum yake kawai, dole ka zayyana duk hanyar da saƙo zai bi, kana raba sunayen kwamfutoci da alamar motsin rai: tafari!tabiyu!tauku!wane. Kamar dai ka je tasha ka ba direban Ibadan wasiƙa, ka ce ya miƙa wa na Ilori, shi kuma ya ba na Kaduna, har ta kai Kano. Kwamfutocin kan kira juna ta wayar tarho, yawanci da dare lokacin da kira ya fi araha, don haka saƙo kan kwana a hanya. In ɗaya daga cikin direbobin bai fito ba, shi ke nan. A DECnet ruwa biyu ake jerawa sau biyu tsakanin sunan kwamfuta da na mutum. A CompuServe lamba ce sunanka, da waƙafi a tsakiya, kuma mai rubuto maka daga intanet sai ya mayar da waƙafin aya, saboda waƙafi a can raba adireshi biyu yake yi. FidoNet ita ma lambobi ne, na shiyya da na yanki da na kwamfuta, kamar 1:2/3, wanda daga intanet sai a juya shi ya koma f3.n2.z1.fidonet.org.

Mutanen Birtaniya kuwa, tsarin jeranta kalmominsu ne ya saɓa da na kowa. Su daga babba suke farawa zuwa ƙarami, wato wane@uk.ac.ucl.cs, alhali a Amurka cs.ucl.ac.uk za a rubuta. Kwamfutar da ke tsakani ita za ta duba ta gane ta wane ɓangare za ta fara karatu. Ana cikin haka sai ƙasar Cekoslobakiya ta sami tata alamar ta intanet, cs, wadda ita ce kuma taƙaitaccen sunan sassan kimiyyar kwamfuta a jami'o'i. Adireshin da ya ƙare da cs, na Cekoslobakiya ne ko na wani sashe a Landan da aka rubuto a juye? Wanda ya yi darasin ilmin ma'ana ya san sunan wannan: harshen damo. Akwai ma wanda ya fi shi. In aka haɗa alamomi biyu aka rubuta a!b@c, wata kwamfutar za ta fahimci a kai wa c tukuna, wata kuma ta fahimci a fara da a. Jimla ɗaya, li'irabi biyu, kuma kowanne yana da hujjarsa.

Su wa suka riƙe wannan Babila ta zamani? Wasu kwamfutoci ne da ke da ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can, suna karɓar saƙo da harshen wata hanya suna sake rubuta shi da na wata. Ni tafintoci nake kiransu. Kwalejin Jami'a ta Landan ta daɗe tana wannan aiki tsakanin Birtaniya da Amurka. Mai son isa BITNET daga intanet yakan rubuta wane%kwamfuta.bitnet sannan @ da sunan tafinta, wato alamar kashi cikin ɗari tana cewa, "in ka karɓa ka ƙarasa da shi can." Manhajar Sendmail da Eric Allman ya rubuta a Berkeley, wadda ta fito a farkon shekarun 1980, cike take da ƙa'idojin yanka adireshi gunduwa-gunduwa a sake jera shi, abin da zai tuna wa ɗan aji uku darasin ginin jimla. Rikicin ya kai har a 1989 Donnalyn Frey da Rick Adams suka wallafa littafi guda na jagorar adireshi, sunansa ma alamomin ne kawai: !%@::

Mu a Afirka ta hannun waɗannan tafintoci muka fara shiga. A ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu tana musayar i-mel da duniya ta hanyar kiran kwamfutar da ke gidan Randy Bush a Portland ta Amurka. FidoNet ta ba Afirka shiyya ta 5, kuma ƙungiyoyi da dama a nahiyar sun dogara da GreenNet ta Landan wajen miƙa saƙonninsu. A nan gida, a tsakiyar shekarun 1990, Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas ta yi aiki da wata cibiyar bincike a birnin Pisa na Italiya ƙarƙashin wani shirin UNESCO, kuma alamar ƙasarmu ta ng, da aka yi wa rajista a 1995, daga can Pisa aka fara kula da injinanta. Da a ce kowace hanya ta rufe ƙofarta ta ce sai ɗan gida, da mun daɗe a waje.

Yadda aka kawo ƙarshen rikicin shi ne abin da ya fi jan hankalina. Harsuna biyu suka yi takarar zama na kowa. Ɗaya shi ne X.400, wanda kwamitin ƙasashen duniya na harkar tarho ya fitar a 1984, da goyon bayan gwamnatoci da manyan kamfanonin waya. Adireshinsa kamar fom ɗin fasfo yake: ƙasa, hukumar da ke ɗaukar saƙo, ma'aikata, sunan mahaifi, sunan yanka, kowanne da gurbinsa. Ɗayan shi ne SMTP, wanda Jon Postel ya rubuta a 1982, ɗan gajere, kyauta ga duk mai so, kuma ɗalibi zai iya karanta shi ya gane. X.400 ya fi cika da tsari, har yau sojoji da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama suna amfani da shi. Amma SMTP ne ya ci kasuwa. Zuwa 1989 CompuServe da MCI Mail sun buɗe ƙofa zuwa intanet, sauran kuma suka bi sannu a hankali. Postel yana da wata shawara ga masu rubuta manhaja, cewa mutum ya tsanantawa kansa a abin da yake aikawa, ya sassauta a abin da yake karɓa. Ni da na koyi Hausa da girmana na san amfanin wannan. A kasuwar Sabo ba wanda ya taɓa ƙin sayar mini da albasa don na mayar da mace namiji a jimla. Da haka Hausa ta bazu, ba da jan biro ba.

Na san akwai masu cewa buɗaɗɗiyar ƙofa ita ta kawo mana ɓarayi, kuma ba ƙarya suka yi ba. SMTP na asali ba ya tambayar mai aikowa shaida, duk sunan da ka ce naka ne ya yarda. Tun 1978 wani ɗan tallan kamfanin DEC ya watsa talla ga ɗaruruwan mutane a ARPANET, kuma mu 'yan Nijeriya mun san irin tabon da wasiƙun 419 suka shafa wa sunan ƙasarmu. Akwai kuma hasarar da ta shafe mu kai tsaye. Harshen da aka amince da shi haruffa 128 na ASCII kawai ya sani, waɗanda aka yanka daidai wuyan Ingilishi. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ɗigon ƙarƙashin haruffan Yarbanci da na sha a nono. Sai a 1992, da MIME da UTF-8 suka fito, aka sami hanyar ɗaukarsu, kuma an ɗauki shekaru kafin ta zama ruwan dare. Kafin nan in ka rubuta ƙaya, kaya za a karanta. Ba a yi shawarar da mu ba, shi ya sa. Duk da haka, saboda ƙa'idar a fili take ba mallakar kowa ba, an iya faɗaɗa ta ba tare da neman izinin wani kamfani ba, kuma yau ina aika wa malamina aikin gida da ƙugiyoyinsa cif.

Abin da ke damuna shi ne mun koma gidan jiya ba mu sani ba. Mai WhatsApp ba ya iya aika wa mai Telegram, mai Telegram ba ya iya aika wa mai Signal. Wannan karon ba rashin tafinta ba ne, masu gidajen ne ba sa so. Iyayenmu sun ga irin wannan bayan zuwan wayar salula a 2001, lokacin da mutum kan riƙe waya biyu ko uku saboda kira daga wani layi zuwa wani ya fi tsada kuma da ƙyar yake shiga. Tarayyar Turai ta yi doka a 2022 wadda ta tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajoji, amma masu zama a Turai kawai ta shafa. Mu ba wanda ya yi mana.

Ba ni da ikon yi wa manyan kamfanoni doka, amma ina da bakin magana a ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa. Yanzu sanarwar jarrabawa, da jadawalin darussa, da takardun da malamai ke rabawa, duk a manhaja ɗaya suke. Wanda aka sace wa waya ko aka rufe wa lamba ya rasa su gaba ɗaya, wanda ya shigo bana kuma ba ya ganin abin da aka raba bara. Ina roƙon shugabanninmu su tattara adiresoshin i-mel na kowane aji, daga aji ɗaya zuwa aji huɗu, duk sanarwar da ta shafi karatu a riƙa aika kwafinta ta can. Kowa ya kawo adireshin da yake da shi, na jami'a ne ko na waje, duk za su karɓa. Sakataren ƙungiya zai iya gama wannan aiki kafin hutun tsakiyar zango.