Darasin C da C++ ga Masu Daidaita Rubutun Hausa

Masu shirya manhajar kwamfuta suna da harsuna biyu 'yan ɗaki ɗaya, C da C++. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a wajajen 1972, Bjarne Stroustrup kuma ya fara ɗora C++ a kansa a 1979, da burin abin da aka rubuta da na farko ya yi aiki a na biyu. Daga baya kowanne ya sami kwamitinsa a ƙarƙashin hukumar ISO. Ƙa'idar C ta 1999 ta shigo da abubuwan da C++ bai karɓa ba har yau, kamar kalmar restrict. Ba faɗa aka yi ba, zama daban-daban ne ya jawo ɓaraka. Da suka farga, sai suka kafa kwamitin haɗin gwiwa mai duba shawarwarin da suka shafi harsunan biyu, suka ci gaba da aron juna, har ƙa'idar C23 ta ɗauko nullptr daga C++.

Mu ma muna da irin wannan ɓaraka. Bakin mutumin Bagega ta ƙasar Anka ya fi kusa da na Birnin Ƙonni a kan na Kano, duk "wanga" suke cewa. Amma ɗansa a makaranta zai rubuta 'ya'ya, takwaransa na Nijar ya rubuta ƴaƴa. Ido ba ya ganin matsala, kwamfuta ce take gani. Wanda ya nemi ɗaya a rumbun matani zai iya rasa ɗayar, ga shi waƙafin sama yana da lambobi fiye da ɗaya a tsarin Unicode.

An yi taron daidaita rubutu a Yamai a 1980, sai dai taro watsewa yake yi. Yanzu da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, za ta ƙirƙiri kalmomin mulki da na shari'a, ko da mu ko ba mu. A ganina, ya kamata jami'o'in Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni su kafa zaunannen kwamiti, duk sabuwar ƙa'ida ta bi ta gabansa kafin ta shiga littafin makaranta.

A fara da ƴ. Mun yarda da lanƙwasa a ɓ da ɗ da ƙ, ban ga hujjar ware ta huɗu ba, ko da yake ni kaina da 'y na saba rubutu.