Sauya Wa Tuwo Suna Ba Ya Kore Haraji

Tun daga ranar 26 ga Yuni, 2025, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda suka soma aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, masana na bakin titi suka yawaita a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Kowannensu da laƙaninsa na tsere wa haraji. Da yake mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata su ne iyayenmu kan tambaya idan takarda ta zo, wajibi ne mu auna waɗannan maganganu kafin mu yaɗa su.

Laƙani na farko shi ne wasa da kalmomi. Wai idan mutum ya rubuta "kyauta" a wurin bayani sa'ad da ake aiko masa da kuɗi ta banki, to kuɗin sun fita daga sahun kuɗin shiga. Wani kuma ya ce alawus ba albashi ba ne. Wannan sauya wa tuwo suna ne kurum. Tun dokar harajin kuɗin shiga ta 1993 aka lissafta ribar ciniki da sana'a, da albashi da alawus, da kuɗin haya da ribar hannun jari, duka a matsayin abin da haraji ke hawa kansa. Doka tana duban asalin kuɗi, ba sunan da aka laƙaba musu ba. Kyautar da ɗa ya aika wa mahaifiyarsa kyauta ce. Amma kuɗin buhun masara ɗari da aka sayar a kasuwar Tsafe ciniki ne, ko da an kira su sadaka.

Na biyu, masu cewa ai su zakka suke fitarwa, kuma jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 1999, har tana da hukumar zakka da waƙafi. Zakka kuwa ibada ce mai nisabinta da masu cin ta kashi takwas, kuma dokar ƙasa ba ta ɗauke ta a madadin haraji ba. Sashe na 24 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa bayyana abin da yake samu bisa gaskiya, da biyan harajinsa a kan kari. Haka kuma masu kafa hujja da soke haraji da jangali da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi a jihohin Kano da Kaduna a 1979 sun haɗa abin da bai haɗu ba. Wancan harajin kai ne, wanda ake karɓa a hannun mai shi da marar shi. Wannan kuwa gwargwadon samu yake hawa.

Na uku, masu cewa cika takarda ganin dama ne. Doka ta bukaci mai samu ya miƙa bayanin kuɗin shigarsa ga hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara. Wanda ya ƙi, tarar Naira 100,000 ce a watan farko, da Naira 50,000 a kowane wata bayansa, kuma hukuma na da ikon yi masa ƙiyasi da kanta. Rana kuma na zuwa da zai nemi kwangila ko takarar muƙami, a ce ya kawo shaidar biyan haraji. Irin wannan gardama an gwada ta a Amurka shekara da shekaru, kotuna suna watsi da ita. Ɗan wasan sinima Wesley Snipes ya saurari masu irin wannan fatawa, aka yanke masa ɗaurin shekara 3 a 2008 saboda ƙin miƙa takardun haraji.

Abin lura shi ne, talaka bai da bukatar waɗannan dabaru. Naira 800,000 na farko a shekara babu ko kwabo a kansu, sa'an nan haraji ya tashi daga kashi 15 cikin 100 har zuwa kashi 25 ga manyan masu samu. Ma'aikaci kuwa tun daga tushe ake yanke nasa. Ashe wanda ɓoyo ke yi wa rana shi ne mai ƙumbar susa, ƙaramin da ya kwaikwaye shi kuma shi tara za ta kama.

Akwai ƙorafi guda mai nauyi. Manomin da 'yan bindiga suka aza wa kuɗi kafin ya girbe gonarsa yana da haƙƙin tambayar me gwamnati ta yi masa. Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma masu mulki ne za su amsa ta. Amma wanda ya ɓuya a bayan kalmar "kyauta" ya rage wa kansa bakin yin ta. Mu cika takarda, mu karɓi rasiɗi, mu karanta kasafin kuɗin jiha, sa'an nan mu tsare wakilanmu na majalisa da tambayar inda kowace Naira ta shiga.