Ƙafar Injin Jirgi Tana Bukatar Mai Kula da Ita

'Yan'uwa manoma na bakin Binuwai, daga Numan har zuwa Ibi, ƙungiyoyinmu da dama sun haɗa kuɗi sun sayi injin jirgin ruwa domin kai shinkafa da masara kasuwa. Wannan abu ne mai kyau. Amma mun lura ana kula da kan injin, ana wanke fulogi, ana auna baƙin mai a fetur, ƙafar kuwa, wato sashen da ke nutse cikin ruwa mai ɗauke da farfela, ba mai waiwayarta sai ran da ta tsaya. A ganinmu kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya ta ɗora masa nauyin ƙafar nan, ta kuma ware mata kuɗi daga kowane fito.

Mutane da yawa suna tsammani man da ake haɗawa da fetur yana kaiwa ko'ina cikin injin. Ba ya kaiwa ƙafa. Giyoyin da ke juya farfela suna cikin akwatinsu dabam, da nasu man mai kauri, wanda ake kira lamba 90. A injin mai ƙarfin doki 15 zuwa 40, man nan bai kai rabin lita ba. Masu ƙera Yamaha sun ce a canza shi bayan kowace awa 100 ta aiki. Jirgin da ke yin awa huɗu kullum zai cika awa 100 kafin wata ya ƙare, ba shekara ba.

Canjin ba wuya. Akwai noti biyu a gefen ƙafar, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A kwance na ƙasa, sa'an nan na sama, a tari man a kwano mai tsabta a dube shi. In ya fito fari kamar nono, ruwa ya shiga. In an ga ɓarɓashin ƙarfe manya-manya, haƙoran giya sun soma ci, sai a nemi makaniki. Sabon mai kuwa ta ramin ƙasa ake tura shi har ya ɓullo ta sama, a ɗaure na sama tukuna, kana na ƙasa. In aka zuba ta sama, iska takan tare shi, akwatin bai cika ba. A sa sababbin wosha kowane lokaci, gama tsohuwa ba ta riƙe ruwa.

To, ta ina ruwan yake shiga? Sau da yawa zaren koma ne ko na fatsa. Yakan naɗe a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya yi ta cin robar da ke tare ruwa har ya yanke ta. Kogin da muke bi cike yake da masunta, saboda haka a cire farfela sau ɗaya a mako, a warware zaren, a shafa giris a sandar, a mayar.

Akwai kuma famfon da ke cikin ƙafar, mai fukafukan roba, wanda ke tura ruwa sama ya sanyaya injin. Da rani, wajen Maris da Afrilu, in ruwa ya janye, matuƙa sukan kutsa cikin yashi da ƙarfin inji maimakon su ɗaga ƙafar su kama gora. Yashin nan yana cinye robar. Haka ma tada inji a tudu don gwaji: ko minti ɗaya bai cika ba robar ta ƙone. Matuƙi ya riƙa duban ɗan ruwan nan da ke tsartowa daga bayan injin. In ya daina, a kashe nan take.

Mun san abin da waɗansu za su ce, wai kuɗi ba su isa ba, inji kuwa yana tafiya lafiya. Amma man giya da wosha da roba duka ba su kama ƙafar kuɗin giya sabuwa ba, ita kuma ba a kowane gari ake samunta ba. Jirgi yakan yi makonni a ɗaure, buhuna suna jiƙewa a bakin gaɓa. Wannan ma da sauƙi. Duk wanda ya ga Binuwai a ambaliyar 2012 da ta 2022 ya san abin da zai sami jirgi mai ɗauke da mata da yara in farfela ta daina juyawa a tsakiyar kogi.

Saboda haka a taro mai zuwa a zaɓi mutumin. Kada ya zama matuƙin kansa, gama shi hankalinsa yana kan sawu nawa zai yi a yini. A ba shi ɗan littafi ya rubuta awoyin aiki da ranar da aka canza mai, ya karanta a gaban jama'a kowane wata tare da rahoton ma'aji. A kuma sayi roba guda da man giya kwalba biyu a ajiye tun kafin ruwa ya cika a Satumba.