Rubutun Da Ke Jikin Takobin Kaka

Bayan sadakar arba'in ta wani dattijo a Gada Biyu, cikin garin Jos, magadansa suka shiga kwashe kayan ɗakinsa, sai suka tarar da wani takobi naɗe cikin tsohon bargo a ƙarƙashin gado. Kuben ya bushe ya tsage, hamilar ta zama tsumma, amma da aka zare shi sai ga kwari uku a jikin ruwan, ga fuskokin wata guda biyu suna duban juna, ga wasu haruffan boko da tsatsa ta ci rabinsu, can kusa da ƙota kuma akwai lamba 1414.

Nan take gardama ta tashi. Babban ɗan marigayin ya ce lambar nan shekara ce, watau takobin ya haura shekara ɗari shida. Wani dillali da ya ji labari ya zo ya taya da kuɗin da bai kai na tunkiya ba, yana cewa ai ƙarfe ne kawai. Jikan gidan kuwa har ya sayo samfefa zai goge tsatsar don rubutun ya fito, sai ƙanen marigayin ya riƙe masa hannu. Yaron ya ce, "Baba Ƙarami, ai so nake a karanta." Tsohon ya ce, "Bari, ɗan nan. In ka kankare shi, me za a karanta?"

Tsohon nan ya yi gaskiya, kuma irin wannan gardama ba ta gida ɗaya ba ce. Hausawan da suka hau Filato tun farkon ƙarni na 20, sa'ad da haƙar kuza ta buɗe, sun zo daga Kano da Zariya da Bauchi da Katsina, wasunsu kuwa 'ya'yan mayaƙa ne ko fatake, suka taho da takubban iyayensu. Yau waɗannan takubba suna hannun jikokin da ba su san yadda ake karanta su ba, 'yan gwangwan kuma suna zagaya unguwanni da kura da ma'auni.

Abu na farko da ya kamata mai takobi ya sani shi ne, galibi hannu uku ne suka taru a kan abin da yake riƙe da shi. Akwai wanda ya ƙera ruwan, akwai maƙerin da ya ɗora ƙota, akwai kuma badukun da ya ɗinka kube. Sau da yawa ruwan baƙo ne. Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shiga Kano a 1824, ya ba da labarin tsofaffin takubban Turai da ake kawowa daga tsibirin Malta ta Bingazi, a sake musu ƙota a Kano. Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya zauna a Kano a 1851, ya kuwa ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa birnin kowace shekara, akasarinsu daga Solingen ta ƙasar Jamus. Ayarin raƙuma ke ƙetaro Sahara da su tsirara, maƙera da dukawan Kano su yi musu sutura, sa'an nan a watsa su ƙasar Hausa da Barno da Azbin. Saboda haka ruwa yana iya girme wa ƙotarsa da shekaru masu yawa, domin ana sake ƙota da kube duk sa'ad da suka lalace.

Abu na biyu, alama ba shaida ba ce sai an gwada ta da ƙarfen. Zanen kyarkeci mai gudu asalinsa tambarin maƙeran Passau ne a kudancin Jamus, amma na Solingen suka ɗauka suna bugawa don kasuwa ta karɓe shi. Sunan Andrea Ferara, maƙerin garin Belluno na Italiya a ƙarni na 16, an yi ta buga shi a takubban da bai taɓa gani ba, har bayan mutuwarsa da daɗewa. Lambobi irin su 1414 da 1441 kuwa masana makamai sun daɗe da gane cewa ba shekarar ƙira ba ce, domin ana samunsu a jikin takubban da aka ƙera bayan wannan zamani da ƙarnoni. Wata biyu masu fuskar mutum su ma daga Turai aka fara ganinsu, amma maƙeran Sahara da na ƙasar Hausa suka sassaƙa nasu hatimin suna bugawa, tun da mai saye yana neman alamar. Lloyd Cabot Briggs ya bi diddigin waɗannan alamu a takubban Buzaye cikin wani nazari da ya buga a 1965. Kama da wane dai ba ta wane.

Rubutun Larabci ma yana son hattara. Wani aya ce ko addu'a, wani sunan mai takobi ne, wani hatimi ne na tsari, wani kuwa kwaikwayon haruffa ne kawai na maƙerin da bai yi karatu ba, kamar yadda ake gani a wasu takubban Sudan na zamanin Mahadi, tsakanin 1881 da 1898. Malamin da ya iya Larabci zai faɗi abin da rubutun ke cewa, amma sanin ko an yi shi tare da ruwan ne ko daga baya aka ƙara, wannan wani fanni ne dabam. A. D. H. Bivar ya gwada haɗa fannonin biyu a littafinsa Nigerian Panoply, wanda Hukumar Kayan Tarihi ta buga a 1964, inda ya duba makaman fadojin Arewa, har da Gajere, takobin sarautar Katsina da ake dangantawa da Korau.

A nan ne ya dace a dubi Japan, domin babu ƙasar da ta mai da karatun takobi ilimi kamar ita. Maƙerin Japan yana sassaƙa sunansa ne a gindin ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota, sau da yawa tare da sunan lardinsa, a ɗaya gefen kuma shekarar ƙira bisa lissafin zamanin sarauta. Ɗan tsinken gora ɗaya ke riƙe da ƙotar, in an fitar da shi sai gindin ya fito a karanta. Dokarsu ta farko ita ce ba a goge tsatsar gindin nan, domin launinta da sawun magagari suna cikin abin da ke nuna shekaru, wanda ya goge kuwa ya zubar da darajar takobinsa. Sukan ɗora takarda su shafa tawada mai ƙarfi su kwafe rubutun, su gwada shi da na takubban da aka tabbatar. Har zoben tsaron hannu da sauran kayan ƙota suna ɗauke da sunayen masu ƙira, su ma ana tantance su.

Duk da haka Japanawa ba su yarda da suna shi kaɗai ba, saboda sunayen jabu sun yi yawa. Masamune, wanda ya rayu wajen ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, kuma ake ganin babu kamarsa, takubban da ke ɗauke da sa hannunsa na gaskiya kaɗan ne ƙwarai. Masani yakan fara duban siffar ruwan da ƙwayar ƙarfen da zanen kaifin, ya yanke hukunci, sa'an nan ya buɗe ƙota ya ga ko sunan ya yi daidai da aikin. Tun 1948 suna da ƙungiya a Tokiyo mai duba takubba tana ba da takardar shaida. Tun da kuwa sojojin Nijeriya sun yi yaƙin Bama da Japanawa tsakanin 1943 da 1945, duk gidan tsohon soja da aka ga takobi mai lanƙwasa da ƙota doguwa naɗaɗɗiya, ya kamata a duba gindinsa kafin a rabu da shi.

To, me ya kamaci magada irin na Gada Biyu? Kada a sa samfefa ko toka ko lemun tsami. Tsumma mai laushi da ɗan man keke sun isa. Kada a ɓalle ƙota, domin ta takobin Hausa a dake take, ba kamar ta Japan ba. A ɗauki hoton kowace alama da hasken rana ta gefe, a auna tsawo da faɗi. Mafi muhimmanci, a zauna da tsofaffin gida a rubuta wanda ya mallaki takobin, da garin da ya fito, da yadda ya zo Jos, domin wannan shi ne abin da babu masanin da zai iya karantowa daga ƙarfe. Sa'an nan a nufi gidan kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952, inda ake ajiye da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci, ko Gidan Makama a Kano. A kuma tuna cewa Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba, ta kuma ƙayyade wanda za a sayar wa.

Mutanen gidan nan dai sun sallami dillali, sun mai da samfefa shago. Takobinsu bai kai shekara ɗari shida ba, amma da aka tambayi wata gwaggonsu mai shekaru da yawa, sai ta faɗi sunan kakan da ya rataya shi, da ƙauyen ƙasar Zazzau da ya baro, jikan nan kuwa ya ɗauko takarda ya rubuta.